Injiniyan da Ke Neman Fetur a Karan Masara

A watan Nuwamba na 2023 wani jirgin kamfanin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York babu ɗigon man jirgi na fetur a tankinsa. Kashi 88 cikin ɗari na man an sarrafa shi ne daga kitse da man girki da aka gama amfani da shi, sauran kashi 12 kuma daga sukarin tsirrai. Wannan kashi 12 ɗin yana da tarihi, kuma tarihin na wani injiniyan sinadarai ne mai suna James Dumesic.

Dumesic ya yi digirin digirgir a Jami'ar Stanford a 1974, ya fara koyarwa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1976. Fanninsa shi ne katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Katalis dillali ne da ba ya karɓar la'ada. Manomi ma na cin moriyarsa bai sani ba, don da katalis na baƙin ƙarfe ake haɗa amoniyar da ake yin takin yuriya da ita.

Matsalar da ya tunkara ita ce: sukarin gulukos yana da ƙwayar iskar oksijin ɗaya a kan kowace ƙwayar kabon, shi kuwa fetur kusan ba shi da ita. Mai son mayar da tsiro man mota sai ya zare wannan oksijin ba tare da ya ƙona sukarin ya zama baƙar dusa ba. A 2002 shi da abokin aikinsa Randy Cortright suka nuna cewa in aka narkar da sukari a ruwa, aka matse shi cikin bututun ƙarfe a zafin da ya haura digiri 200, aka bi da shi ta kan ƙwayoyin filatinom, iskar haidurojin za ta fito, wadda ake amfani da ita wajen zare wancan oksijin. A shekarar suka kafa kamfanin Virent, wanda ya samar da wancan kaso na man jirgin.

Sai dai filatinom ƙarfe ne mai ɗan karen tsada. A 2003 ɗalibansa suka samo madadinsa, haɗin nikel da kuza, kuma a ganina nan ne gwanintar injiniya take. Masanin kimiyya ya gamsu in abu ya yiwu, shi injiniya sai ya tambayi kuɗin lita.

Daga baya ya juya kan itace da karan masara, abin da ba ya shiga tukunyar kowa, don kada tanki ya yi kishi da ciki. Har yau dai irin wannan mai ya fi na fetur tsada, kuma Virent ɗin kansa yanzu mallakin kamfanin mai na Marathon ne.