Dariya a Kan Wahalar Wani

 Shirinmu na musamman na yau daga nan Jimeta, Yola, zai taɓo abin da kusan kowa ya taɓa yi, amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba, wato dariya a kan wahala. Wahalarka, ko wahalar wani.

Bari in fara da abin da har gobe in na tuna sai na murmusa. A watan Agusta na 2014, sojojin Najeriya kusan 480 suka tsinci kansu cikin Kamaru bayan gumurzu da 'yan Boko Haram a yankin Gamboru Ngala. Duniya ta ce gudu suka yi. Hedikwatar tsaro a Abuja ta ce a'a, dabarar yaƙi ce. Dabarar yaƙi! Ai kuwa talakawa suka cafe maganar. Wanda ya hango mai binsa bashi ya sulale ta bayan rumfa, sai ya ce ba gudu ya yi ba, dabarar yaƙi ce. Magidancin da ya fice daga gida tun asuba don kada a tambaye shi kuɗin cefane, shi ma dabarar yaƙi. Ni dai ban ga laifin wannan dariyar ba. Sama take kallo, wajen masu riƙe da bindiga da baitulmali, kuma masu yin ta su ne masu kwana da tsoro.

Wata biyu bayan haka tsoron ya tabbata. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, har suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Mutanen Mubi, da na Michika da Madagali da suka riga su gudu, suka kwararo Yola, wasu a ƙafa, wasu ta duwatsu, wasu sai da suka zaga ta Kamaru. Aka buɗe sansanoni a Damare da Malkohi. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa, Jami'ar Amurka da ke Yola da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa suka shiga rabon abinci. Mafi yawan baƙin ma ba sansani suka je ba, gidajen mutane suka shiga, ɗaki ɗaya mutum goma. Wannan garin ya yi abin a yaba, kada mu manta.

To amma a cikin garin nan dai aka haifi ɗaya dariyar. Yaro ya ci tuwo da sauri, sai a ce masa, "Kai, ɗan gudun hijira ne?" Wani ya fito da riga a yamutse, sai a tambaye shi daga wane sansani yake. A fashe da dariya, a tafa. Ku tsaya ku kalli wadda ake dariyar a kanta. Mace ce a layin rabon masara tun hantsi, goyo a baya, tsohon bokitin fenti a hannu. Wata uku da suka wuce tana da gonarta da awakinta da mijinta. Tana jin maganar, kuma ba za ta ce uffan ba, domin wanda ya yi ta wataƙila a gidan yayansa take kwana.

A nan ne nake ganin bambancin, masu sauraro. Mu ba baƙin barkwanci ba ne. Bafulatani da Babarbare su haɗu a kasuwa, kowa ya ce ɗaya bawansa ne, a zazzagi juna, a rabu ana dariya. Haka Fulani da Tibi, haka ɗan mace da ɗan namiji a cikin dangi. Wasan taubasai yana da zafi, wani lokaci har ka ce za a yi dambe. Amma yana da sharaɗi guda: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Yana da bakin ramawa. Ita matar layin masara ba ta da shi. In ka tsokani wanda ba zai iya rama ba, ba wasa ka yi ba, dariyar ƙeta ka yi, ko da kuwa ka bi ta da "wallahi wasa nake yi".

Wani zai ce, ai su kansu masu gudun suna ba da labarin yadda suka tsere har a yi ta dariya: wanda ya ɗauko buta ya bar jakar kuɗi, wanda ya yi nisa kafin ya lura takalminsa wari da wari ne. Gaskiya ne, kuma hakkinsu ne. Wanda ya sha wuyar shi ke da ikon mayar da ita abin dariya, don ya samu numfashi. Kai da kake gefe, in ya yi dariya taya shi, amma kada ka riga shi.

Jimeta da kewayenta ma ba su tsira ba. A 2015 kaɗai bam ya tashi a babbar kasuwa a watan Yuni, a sansanin Malkohi a Satumba, a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, sannan ranar 17 ga Nuwamba a wata kasuwar da ke nan Jimeta, inda aka rasa mutum sama da 30. Bayan wannan harin ne Facebook ya buɗe wa mutanen Yola damar sanar da 'yan uwa cewa suna raye, kwanaki huɗu bayan wani harin da aka kai birnin Paris. Abin da ya ci Doma dai ba ya barin Awe.

Ina ganin ana ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure, ga batun waya ban ko taɓa ba. A taƙaice, duk damina in Binuwai ta cika ta shiga gidaje, sai ka ga bidiyon dattijo yana fafutikar ceto katifarsa, an ɗora masa kiɗa ana yaɗawa.

Don Allah, in irin wannan ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa. In ka san mutumin, kira shi ka tambayi abin da yake bukata.