Wa ya kashe Bare?

A 1996 Bare Mainasara ya karɓe mulki daga hannun Mahaman Usman, ɗan Damagaram. Ran 9 ga Afrilu 1999 sojojin da ke tsaron Bare suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Gwamnati ta ce wai haɗari ne.

To, in an yi kisa, aikin mai gabatar da ƙara ne ya binciko wanda ya harba, da wanda ya ba da umurni, da waɗanda aka ƙulla da su. Amma tsarin mulkin 1999 ya yi wa masu juyin mulki ahuwa. Ita kuwa ahuwa, ƙofar shari'a take rufewa. Iyalin Bare sun kai ƙara, ba a hukunta kowa ba. Sai a 2015 kotun CEDEAO ta umurci Nijar ta biya su diyya.