YADDA AKE NASIHA DA SULHU TA KIRAN BIDIYO

Tun da can zauren hakimi ne wurin da talakawa suke kai kukansu, a yi musu nasiha, a sulhunta miji da mata, ko 'yan'uwa masu jayayyar gona. Amma yanzu sau da yawa akan tarar ɗaya daga cikin masu maganar ba ya gari, ya tafi cin rani Legas, ko yana neman abinci a Kumasi ko Jidda. Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta hana taruwa, jama'a suka ƙara sabawa da kiran bidiyo, watau wayar da ake magana ana ganin juna. Abin yana da amfani ƙwarai, amma in ba a yi shiri ba, sai a ɓata maganar da aka zauna gyarawa.

Shiri kafin zama. Aikin malamin hakimi ne ya sa rana da lokaci, ya kuma tuna agogon ƙasashe ba ɗaya ba ne. Makka tana gaba da Nijeriya da awa 2, Gana kuwa tana baya da awa 1. Sai ya gwada kiran tun da sauran lokaci, ya tabbata batir ya cika, data kuma za ta isa. Zoom na kyauta yakan yanke bayan minti 40, saboda haka in maganar mai tsawo ce, gara a yi ta WhatsApp. A kafa wayar a kan abu tsayayye daidai da fuskar hakimi, haske ya kasance a gabansa, gama in taga tana bayansa, duhu kaɗai za a gani.

Rufin asiri. Wannan shi ne mafi muhimmanci. Fadawa da dogarai su ba da wuri, a bar hakimi da malaminsa. Sa'an nan a roƙi wanda yake can ya juya wayarsa a ga ɗakin duka, domin matar da mijinta ko surukarta ke tsaye bayan ƙofa ba za ta faɗi abin da ke cinta ba. Kada a ɗauki murya ko hoto sai da yardar kowa, kada kuma a tura wa wani. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, ta shekarar 2023, ta wajabta kiyaye irin waɗannan bayanai.

Lokacin zama. Bayan sallama da gaisuwa, malami ya rubuta ainihin inda mutum yake, da lambar wani ɗan'uwansa na kusa. A yi alkawari tun farko cewa in waya ta yanke, malami ne zai sake kira, don kada mai kuka ya zaci an yi watsi da shi. Murya takan yi jinkiri a hanya, saboda haka hakimi ya dakata kaɗan bayan kowace magana, kowa kuma ya jira a ba shi izini. In hoto yana tsayawa, a rufe shi a ci gaba da murya kaɗai.

Iyakar abin. Ba kowace magana ce waya take ɗauka ba. In an ga alamar duka ko barazana, ko mutum ya ambaci kashe kansa, lalle a nemi ɗan'uwan nan nasa nan take, a kai shi asibiti, ko a sanar da 'yan sanda. Lambar gaggawa a Nijeriya ita ce 112. Maganar da ta kai ga hukunci kuwa, kamar raba aure ko rabon gado, ta alƙali ce.

Kafin a tashi, malami ya karanta abin da aka daidaita a kai, kowa ya amsa da bakinsa, kana a sa ranar zama na gaba.