Sa Ido Kan Kayan Tsaro Na Nukiliya

Jama'a su sani cewa har yanzu Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Amma akwai ƙaramar na'urar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30.

Irin wannan na'ura tana da kayan tsaro, wato sandar da ke tsayar da ita nan take, da ma'aunan zafi, da ƙararrawar gargaɗi. Kayan nan suna iya lalacewa ba tare da an sani ba, sai ranar hatsari. Saboda haka wajibi ne a riƙa gwada su a kan kari, a rubuta sakamakon. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma masu gwajin sai an sa musu ido. Misali, a 1979, da hatsari ya auku a tashar Three Mile Island ta Amurka, an tarar bututun ruwan gaggawa a rufe, ba a buɗe su ba sai bayan minti takwas.

A ƙasar nan, sa idon yana hannun Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa, ta soma aiki a 2001. Ita ce ke ba da lasisi, ta aika sufetoci su bincika kayan da littattafan gwaji. In ta ga sakaci, tana da ikon dakatar da lasisin.