TASWIRAR DA KE KAI MAI GYARA ZUWA TUSHEN KUSKURE

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Monday ta Maiduguri ya san darajar tafinta, gama a can ne Barebari da Shuwa da Hausawa ke cuɗanya, kowa da harshensa. In ciniki ya ɓaci, abin da akan fara tambaya shi ne, me mai kaya ya faɗa da bakinsa kafin a juya maganar? Irin wannan tambaya ce ke gaban samari da 'yan matan da ke koyon rubuta umarnin kwamfuta a wannan birni, ko a Jami'ar Maiduguri wadda aka kafa cikin 1975, ko a Kwalejin Ramat, ko cikin shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horad da mutum miliyan 3.

Dalili kuwa shi ne, abin da mai aikin ya rubuta ba shi ne ke isa wayar mai karatu ba. Tsakaninsu akwai wata manhaja mai aikin tafinta, wadda masana ke kira kwamfaila. Ita ba baƙuwa ba ce, don tun cikin 1957 kamfanin IBM ya fid da irinta ta harshen FORTRAN. A zamanin nan mutane da yawa suna rubutu da TypeScript, harshen da Microsoft ya fito da shi cikin 2012, alhali kuwa burauzar da ke buɗe shafi JavaScript ta sani. Tilas ke nan a fassara.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Bayan fassara, akan haɗe fayiloli masu yawa su zama ɗaya, a share filin da ke tsakanin kalmomi, a gajarta sunaye, har sunan da marubuci ya sa kamar "kuɗinMakaranta" ya koma harafi guda. Wannan matsewa alheri ce ga talaka, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yarda da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da na data a watan Janairu 2025. Ƙaramin fayil ba ya cin data da yawa, kuma yana saurin buɗewa inda sabis ke da rauni.

INDA GIZO KE SAƘAR

A ce wani ɗalibi ya gina wa wata makaranta shafin biyan kuɗi, ran nan sai shafin ya ƙi karɓar kuɗin iyaye. Burauza za ta ce kuskuren yana layi na 1, harafi na dubu arba'in da wani abu, domin dukan aikin an dunƙule shi ya zama layi ɗaya. Shi kuwa ɗalibin fayil talatin ya rubuta, kowanne da ɗaruruwan layuka. Ina zai dosa? Ga iyaye suna jira, ga ranar rufe rajista tana matsowa.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira taswirar tushe. Injiniyoyin Google ne suka fara ƙago ta, sa'an nan cikin 2011 John Lenz na Google da Nick Fitzgerald na Mozilla suka tsara fasali na uku, wanda da shi ake aiki har yau. An daɗe ana bin sa bisa yarjejeniya kawai, sai a watan Disamba 2024 ƙungiyar Ecma ta mai da shi ƙa'ida tabbatacciya da sunan ECMA-426.

YADDA AKE ZANA TA

Tun sa'ad da tafintan ya fara karanta rubutu yake shirin taswirar. Yakan yanka rubutun kalma-kalma, ya liƙa wa kowace alamar layin da ta fito da gurbinta cikin layin. Daga nan ya jera su kamar bishiya mai rassa, ya yi ta juya su yadda ya ga dama, amma kowane reshe yana riƙe da alamarsa. Lokacin da ya zo rubuta sabon fayil, duk abin da ya ajiye sai ya lura: wannan da ke nan, daga wuri kaza ya fito. Tarin waɗannan bayanai shi ne taswirar, akan kuma adana ta a wani fayil dabam, a bar ɗan layi a ƙarshen matsattsen fayil mai nuna inda take.

Kowane bayani yana ɗauke da lambobi har 5: gurbi a sabon fayil, wane fayil ne na asali, wane layi, wane gurbi, da kuma sunan asali in an gajarta shi. Don kada taswirar ta yi nauyi, ba a ƙirgawa daga farko kowane lokaci. Kamar direban da ya tashi daga Maiduguri zuwa Kano ne, in ya kai Damaturu sai ya ƙirga nisan Potiskum daga nan, ba ya koma ya ƙirgo daga tasha. Haka kowace lamba ke faɗin tazararta da wadda ta gabace ta. Sa'an nan a mai da lambobin haruffa bisa tsarin Base64, inda A ke nufin sifiri, C ke nufin ɗaya. Saboda haka "AAAA" a farkon taswira na nufin farkon komai, "AACA" kuwa a farkon sabon layi na nufin fayil bai sake ba, an dai sauka layi na gaba.

Da mai gyara ya buɗe kayan bincike na Chrome ko Firefox, sai burauza ta ɗauko taswirar, ta nuna masa rubutunsa na asali da layin da ya karye. Mai karatu na gama-gari ba ya biyan ko kwabo a kai, don ba a sauke ta sai an buɗe kayan binciken.

ABIN KULA GUDA BIYU

Na farko, aikin yakan bi ta hannun tafinta fiye da ɗaya, watau mai fassara, da mai haɗawa kamar webpack, da mai matsewa kamar Terser. Wajibi ne kowanne ya karɓi taswirar na gabansa ya haɗa da tasa. In ɗaya ya yi sakaci, taswirar za ta riƙa nuna layin da ba shi ne ba, mai gyara ya kwana yana neman laifi inda babu.

Na biyu ya fi haɗari. Sau da yawa taswirar takan ƙunshi rubutun asali ɗungurungum, har da bayanan da ma'aikata suka rubuta wa junansu. Wanda ya ɗora ta a fili ya buɗe wa kowa ɗakinsa. Manya ma ba su tsira ba, don cikin Nuwamba 2025 kamfanin Apple ya buɗe shafin App Store na intanet da taswirorinsa a sake, wani ya kwashe rubutun fuskar shafin ya baza, sai da kamfanin ya nemi a janye.

Darasin da ke nan ga masu koyo a Borno a fili yake. Maiduguri gari ne da hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke tara bayanan jama'a masu yawa, kuma masu gina musu shafuka amana ce a hannunsu. A sa tafinta ya zana taswira kullum, a gwada a tabbata tana nuna daidai, sa'an nan a ajiye ta inda ma'aikata kaɗai ke iya kaiwa. Kalmar sirri kuwa, kada a kuskura a rubuta ta cikin abin da za a aika wa burauza, da taswira ko babu. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.