Daga Maraɗi zuwa Bepanda: shekarata ta farko riƙe da alli

A Garwa na fara gane na bar gida. Na miƙa wa mai shayi jikka ɗaya, ya juya ta, ya duba bayanta, ya mayar mini. Sefa ce, darajarsu ɗaya da tasu, amma tamu ta Afirka ta Yamma ce, tasu ta Afirka ta Tsakiya, sai an canza. Ku 'yan kasuwa kun daɗe da sanin wannan, ni kuwa malamin makaranta ne da bai taɓa wuce Kano ba. Daga nan muka yi Ngawundare, na kwana cikin jirgin ƙasa har Yawunde, mota ta ƙarasa da ni Duwala ana gab da buɗe makarantu a watan Satumba.

Kawuna mai sayar da atamfa a kasuwar Kongo ne ya kira ni. Wata makaranta mai haɗa faransanci da larabci tana neman malami, ya ce ga ɗansa. Ya kama mini ɗaki a Bepanda, kusa da filin ƙwallon Omnisport, ita kuma makarantar tana New Bell. Kullum da safe sai in hau babur, wanda a nan ake kira benskin, in rungume jakata cikin leda. Ruwan Duwala ba irin namu ba ne da ake ganin hadari a shirya. Yana iya wuni yana zuba, lambatu su cika, littafi ya yi funfuna a kan tebur. Takalmina na farko bai kai wata biyu ba.

New Bell tsohuwar unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka ware ta lokacin da suka so tashin 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, rigimar da ta kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Tun daga nan mutanen nesa suke sauka a wurin, har da Hausawa. Saboda haka na ɗauka zan shiga aji in tarar da 'ya'yan gida.

Ashe da sauran aiki. Aka ba ni aji na shida, CM2, masu jarrabawar CEP a ƙarshen shekara. Ranar farko na ce, "Yara, kun tashi lafiya?" Kaɗan suka amsa, sauran suka kalli juna suna dariya ƙasa-ƙasa. Sunayensu namu ne, iyayensu daga Katsina, Damagaram, Marwa, amma bakinsu faransancin titi ne gauraye da fijin, Hausar kuma ta aike ce: kawo ruwa, rufe shago. Faransancina na Nijar ma dariya yake ba su. Gaskiya abin ya sosa mini rai, har na yi mako ina tunanin komawa. Wata malama da ta daɗe a makarantar ta ce mini, "Mushe, bar fushi. Ka ba su Hausa, su ba ka gari." Haka muka yi. Ranar Juma'a kafin a tashi ina ba su tatsuniya ɗaya, su kuma su koya mini kalma biyar da zan yi ciniki da su kada mai benskin ya cuce ni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bai shafi harshe ba. Da aka fara haɗa takardun jarrabawa, sai na tarar yara da dama ba su da takardar haihuwa, kuma in babu ita ba a rubuta sunan yaro a CEP. Wani an haife shi a gida, ba wanda ya je ofishin magajin gari. Wata an haife ta can ƙauye, aka kawo ta a goye. In wa'adin da doka ta ba ya wuce, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai tsaya a madadin rajistar, kuma wannan yana cin lokaci, yana cin kuɗi, yana son shaidu. Ba aikin da ake farawa saura mako biyu ba ne.

Cikinsu akwai yaron da ya fi kowa lissafi. Na aika wa babansa takarda sau biyu, shiru. Kawuna ya yi dariya ya ce, "Ɗan kasuwa kake aika wa takarda? Je ka zauna a benci." Bayan la'asar na same shi a shago, muka gaisa, aka kawo shayi.

"Malam, ai yaron nan shago zai gada. Takardar me?"

Na ce, "Alhaji, ranar da zai je tashar jirgin ruwa fito da kayanka, wa zai karanta takardun kwastan? Katin ɗan ƙasa ma da me zai nema?"

Ya yi shiru yana juya kofi. Bai ce mini e ba, sai ya tambaye ni wace kotu ce, kuma shaidu nawa ake so. Sau uku muka je tare, ni ina fassara, shi yana ƙorafin cinikin da ya bari.

Ba duka na ci nasara ba. Yarinya ɗaya an mayar da ita gida kafin ƙaramar salla, kujerarta ta zauna babu kowa har ƙarshen shekara, kuma har yau ina ganin da na je wajen mahaifiyarta da wuri, da wataƙila an jinkirta. Na tsaya jiran a gayyace ni, alhali ni ya kamata in yi sallama.

Yaron Alhaji ya zauna jarrabawa a watan Yuni, ya ci. Bana da aka dawo hutu ban jira lokacin haɗa takardu ba. Tun makon farko na bi aji ɗaya-ɗaya har na 'yan SIL, ƙananan da suka shigo jiya, ina tambayar wa ke da takarda, wa ba shi da ita. Sunayen suna cikin wani ƙaramin littafi a aljihuna, nannaɗe cikin leda, gobe Asabar kuma akwai shago huɗu da zan zauna a bencinsu.