Tsufan Kayan Busa na Itace da na Kara

Ana iya karkasa kayan busa na Hausawa ta la'akari da abin da aka yi su da shi. Akwai na ƙarfe kamar kakaki, wanda tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Akwai na itace kamar algaita, sai kuma na kara irin su sarewa da tilɓoro. Shin daɗewa da yawan busa suna kashe wa na itace da na kara murya?

Itace ko ya bushe ba ya daina shan laima yana fitar da ita. Numfashin mabushi yana da ɗumi da danshi, saboda haka cikin algaita kan jiƙa ya kumbura alhali bayanta na bushe. A yankin Kura da Bunkure, duk da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana gudana cikin magudanai har da rani, iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Wannan kumburi da motsewa, shekara bayan shekara, shi ke tsaga itace, ya kuma sauya faɗin ramin ciki, sauti ya karkace. Fatar da ake lulluɓe algaita da ita tana rage wannan illa, domin tana ɗaure jikinta, ta hana iska zurarewa.

Sai dai ba kowace disashewar murya ce tsufa ba. Sau da yawa ɗan harshen da ake sawa a baki ne ya mutu, ko dauɗa ta taru a ƙofofin yatsu. Irin wannan gardama tana nan a Turai game da kilarinet, wadda ake sassaƙawa daga wani baƙin itacen Tanzaniya da Mozambik. Wasu mabusa na ganin takan ƙare bayan 'yan shekaru, masu gyara kuwa suka ce galibi gyara take so. Maganar masu gyaran ta fi ƙarfi, muddin ramin bai sauya ba.

Tilɓoro lamarinsa dabam ne. Harshensa a jikin karan dawar aka tsaga shi, don haka idan ya saki babu musanya, sai a jefar. Da yake shinkafa da alkama da tumatir ne suka cika filayen noman rani, malamin da ke son nuna wa ɗalibai tilɓoro sai ya nemi kara a gonakin tudu da kaka.